Ina addu'a amma kamar da bango nake magana: yaya ake kusantar Allah?

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Tambaya gare ni, kuma don Allah amsar da zan yi aiki da ita nake nema. A Yakubu 4:8 an ce mu kusaci Allah, shi ma zai kusace mu. Ana karanta mana a majami'a, muna cewa amin. To amma yaya ake yinsa? Mutum ya durƙusa da kyakkyawar niyya, kafin minti uku magana ta ƙare, hankali ya tafi Kasuwar Dole yana lissafin bashi, ko barci ya sace shi. Ga shi yawancinmu a nan Damagaram gidan haya muke, ga yara, ga maƙwabta. Wane lokaci ya fi? Minti nawa? Da me ake farawa? Da murya ake yi ko a zuci? In kuma mutum ya yi wata guda bai ji komai a ransa ba, ta ina zai san ba da bango yake magana ba?

Dattijon Zango ya amsa:

Salama, ɗana. Ka zuba tambaya biyar a ƙwarya ɗaya. Zan ɗebi uku na farko, 'yan'uwa su ƙarasa.

Lokaci tukuna. Masu kukan addu'arsu ta mutu, in ka bincika, yawancinsu ba su tsayar mata da lokaci ba, "in na samu sarari" ce ta cinye ta. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa (Daniyel 6:10). Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. Ubangijinmu da kansa tun da sauran duhu yake tashi ya keɓe (Markus 1:35). Mu a garin nan ba ma buƙatar agogo: kiran sallar asuba yana shigo mana har ɗaka, tsakanin ƙarfe 5 saura da 5 da rabi gwargwadon lokacin shekara. Maƙwabtanmu Musulmi suna barin shimfiɗa ko ana tsakiyar hunturu. Ka riƙa tashi tare da su. A lokacin yara na barci, kuma ko a Afrilu da Mayu, da zafin rana ke wuce digiri 40, asuba tana da ɗan sanyinta.

Minti 15 kacal, har mako huɗu. Kar ka ƙara ko ka ji daɗi. Wanda ya fara da awa guda, kwana huɗu zai yi ya gaji, ranar ta biyar kunya ta kama shi, ta shida ya daina gaba ɗaya. Ga yadda za ka raba su: minti biyu ka zauna shiru har numfashinka ya daidaita, minti biyar ka karanta Zabura ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, minti biyar ka mayar da abin da ka karanta addu'a, minti uku na ƙarshe ka kawo buƙatunka da na mutane, ka rufe da Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13), a hankali, kana ɗan tsayawa bayan kowane roƙo.

Me ya sa karatu ke gaba? Bakinka yana bushewa a minti uku domin da buƙatunka kake farawa, su kuwa ba su wuce uku ko huɗu: lafiya, abinci, kuɗin haya, aiki. Ka faɗe su yau, gobe su ne dai. In Allah ne ya fara magana ta cikin Littafinsa, kai amsawa kawai za ka yi, kuma amsa ta fi buɗe zance sauƙi.

Hanyar amsawar ma akwai ta. A shekarar 1535 Martin Luther ya rubuta wa wanzaminsa yadda shi yake addu'a. Yakan ɗauki aya ɗaya ya murza ta kamar igiya mai tufka huɗu: koyarwa, godiya, furta laifi, roƙo. Ɗauki Zabura 23:1, inda Dawuda ya kira Ubangiji makiyayinsa. Me ta koya mini? Cewa ni tunkiya ce, ba ni ke neman wa kaina makiyaya ba. Godiya: na gode da abincin jiya da rufin asiri. Laifi: na kwana ina lissafi kamar ba ni da mai kiwo. Roƙo: ka bi da ni yau a wurin aiki, ka tsare bakina. Aya ɗaya ke nan, minti biyar sun tafi ba ka sani ba.

Ka fara da Zabura 23, 27, 51, 63, 103, 121, 130 da 139, ɗaya kowace rana, ka zagayo. In ƙafarka ta tsaya, akwai lissafin da ke sauke Zabura 150 duka a wata guda: ka ɗauki kwanan wata ka yi ta ƙara 30. Ranar 7 ga wata ke nan 7, 37, 67, 97, 127. Zabura 119 tana faɗowa ranar 29, amma aya 176 gare ta, don haka a ajiye ta sai 31 ga wata, ko a bi ta kashi-kashi, aya takwas-takwas, yadda aka tsara ta tun asali.

Wuri kuma, Matiyu 6:6 ta ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wanda ke zaune a gidan haya ba shi da ɗakin rufewa, sai ya ware tabarma guda da kusurwa guda, a zaure ko a gefen tsakar gida, kullum nan. Jiki yana sabo da wuri. Kar ka yi addu'ar asuba a kan shimfiɗar da ka kwana, barci ne zai ci ka. Wanke fuska, ka zauna bayanka a miƙe. Durƙuso a kan siminti ba ya wuce minti biyar ƙafa ta sage, daga nan gwiwarka za ka koma tunani. Littafi na takarda ya fi na waya, domin cikin waya WhatsApp yana nan yana jiranka. Ka ajiye tocila kusa saboda ɗaukewar kuran, wayar kuma ka saita mata ƙararrawar minti 15 ka kife ta nesa da kai.

Abu ɗaya da matasa ke raina wa: ka yi addu'a da harshen da kake kuka da shi. 'Yan lakwal da yawa sun koma yi da Faransanci don a ganinsu ya fi tsari, sai addu'ar ta zama kamar takardar neman aiki. Tun 1924 mishan ta SIM ta fara aiki a garin nan, tun 1932 kuma muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Allah yana jin Hausa.

Katekis na Birni ya amsa:

Baba sun shimfiɗa tabarma, bari in zauna a gefenta. Zan yi magana a kan hankalin da ke tafiya kasuwa.

Tafiyar hankali iri biyu ce, maganinsu kuma daban. Akwai abin da kake tsoron mantawa: kuɗin da za ka biya, wanda za ka kira. Wannan ba ya tafiya sai an rubuta shi. Ajiye kaye da bik a gefen tabarma, ka rubuta kalma biyu, ka dawo. Akwai kuma tunanin banza mai shawagi kamar ƙuda. Shi ba a kokawa da shi, in ka bi shi da duka ka bar addu'ar ke nan. Ana dawowa ne da gajeriyar jimla guda wadda ka zaɓa tun farko. Yahaya Kasiyan, wanda ya zauna da masu ibadar hamadar Masar a ƙarshen ƙarni na 4, ya ruwaito cewa dattawan can aya ɗaya suke riƙewa, Zabura 70:1, inda ake roƙon Allah ya gaggauta taimako. Har yau da ita ake buɗe addu'o'in sa'o'i a Ikkilisiyar Katolika. Kiristocin Gabas kuma suna amfani da kiran Bartimawas makaho (Markus 10:47) haɗe da na mai karɓar haraji (Luka 18:13): Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka ji tausayina, ni mai zunubi. Rabin farko kana shaƙar numfashi, rabin ƙarshe kana fitarwa. In ka dawo sau ashirin cikin minti goma, ba asara ka yi ba, sau ashirin ke nan ka juyo wurin Allah.

In ka cika mako huɗun da Baba suka ce, sai ka ƙara zuwa minti 25 da wata tsohuwar hanyar karatu. Wani mai ibada a Faransa a ƙarni na 12, Gigo, ya jera ta hawa huɗu, ya kuma kwatanta ta da cin abinci. Karatu shi ne sa loma a baka. Nazari shi ne taunawa. Addu'a ita ce jin ɗanɗano. Natsuwa a gaban Allah ita ce daɗin kansa. A aikace, ka ɗauki wuri daga Linjila wanda bai wuce aya goma ba, ka karanta sau uku a hankali. Kalma ko jimlar da ta tsaya maka, ka tsaya a kanta, ka juya ta, ka tambayi kanka me ya sa ita ta taɓa ka yau. Ka faɗa wa Allah abin da ya taso. Sannan ka yi shiru, minti uku zuwa biyar, ba ka roƙon komai, kamar yadda ɗa ke zama kusa da mahaifinsa a zaure bayan an gama magana. Hawa na huɗun nan shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ainihin abin da ka tambaya. Iliya a dutsen Horeb bai sami Ubangiji cikin iska mai fasa duwatsu ba, ko girgizar ƙasa, ko wuta, sai cikin 'yar murya siririya (1 Sarakuna 19:11-13).

Inda ake ɓata ta: masu ilimi suna mayar da ita darasi. A fara binciken ma'anar kalma, a buɗe wata aya, a buɗe wata, har ƙararrawa ta kaɗa ba a ce wa Allah uffan ba. Bincike yana da lokacinsa, da rana.

Da dare kuma akwai binciken zuciya na wani firist, Ignatiyus na Loyola (1491-1556), minti goma, mataki biyar. Ka gode wa Allah a kan abubuwa takamaimai na ranar. Ka roƙi haske don ka ga kanka yadda kake. Ka bi ranar tun daga tashi, sa'a bayan sa'a. Ka nemi gafara inda ka kauce. Ka ƙudurta gyara guda ɗaya na gobe. A yi shi a zaune, bayan abincin dare, kafin a fita hira. Wanda ya bari sai ya kwanta ba zai wuce mataki na biyu ba.

Batun watan da ba ka ji komai ba: ruwa ba ya tsami banza, amma ka fara duba dalilan ƙasa kafin na sama. Wanda ya zauna a fada, wurin hirar samari, yana shan shayi har ƙarfe ɗaya na dare ba zai ji komai da asuba ba sai nauyin kai. In barcinka ya isa, ba ka kuma riƙe da wani zunubi da ka sani, to bushewar tana cikin tafiyar. Ignatiyus ya ba da doka biyu a kanta: kar a canza shawarar da aka yanke lokacin da zuciya take da haske, kuma in zuciya ta ce a taƙaita, a ɗan ƙara a kai. Minti ɗaya ma ya isa. A irin kwanakin nan ka karanta Zabura 42 da 88. Ta 88 ɗin har ta ƙare ba ta ga haske ba, kuma tana cikin Littafi.

Maman Zumunta ta amsa:

Baba da Malam sun yi bayanin ƙofa, ni zan faɗi abin da ke tokare ta. Ɗana, kafin ka zargi tabarma ko lokaci, ka duba ko akwai wanda ba kwa magana da shi. Matiyu 5:23-24 ta ce mai kai baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi, ya ajiye baikon a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Markus 11:25 ta ce in an tsaya addu'a a yafe. Ku magidanta kuma 1 Bitrus 3:7 da ku take: yadda mutum ke zama da matarsa yana iya hana addu'arsa. Dalilin a fili yake. Da zarar ka yi shiru, fuskar mutumin nan ce za ta fara zuwa, ka koma shari'a da shi a zuci, minti 15 ɗinka su ƙare a kotu. Ka ambaci sunansa a gaban Allah, ka faɗi abin da ya yi maka ba kwana-kwana, ka roƙa masa alheri guda ɗaya takamaimai, kullum har mako guda. In kai ne da laifi, addu'a ba ta maye gurbin tafiya. Ka je da ƙafarka, gara da maraice in rana ta yi sanyi, kai kaɗai, ba a gaban jama'a ba.

Mata masu goyo da masu tashin dare tarar ruwa, kar tsarin minti 15 ya karya muku gwiwa. Ku ɗaura gajeriyar addu'a a jikin aikin da ba ya tsallake rana: hura wuta, jiran jarka ta cika a famfo, wanke shinkafa, kwantar da yaro. Aiki uku, jimla uku, kullum su. Wani ɗan'uwa Lorans, da ya rasu a 1691, shekaru ya yi yana aikin girki a gidan masu ibada a Faris, kuma da haka aka san shi, yana hira da Allah a tsakiyar tukwane. Da babu gara ba daɗi, in yaro ya yi wayo sai a koma tabarma.

Azumi yana taimakon addu'a, amma a garin nan sai da hankali. A fara da barin abinci ɗaya, sau ɗaya a mako, lokacin cin kuma a mayar da shi lokacin addu'a. In ba a yi hakan ba yunwa ce kawai aka sha. In an saba, a kai har ƙarfe 3 na rana. A watannin zafi a riƙa shan ruwa, balle mai aikin ƙarfi ko ɗan kabu-kabu da ke yini a rana. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga da mai gyambon ciki su nemi abin da za su bari wanda ba abinci ba. Kuma azumin da ya sa ka yi ta yi wa mutanen gida tsawa, Ishaya 58 ta riga ta yi magana a kansa.

Matashin Karkada ya amsa:

Da girmamawa ga iyayena, akwai inda ban gamsu ba. Maimaita jimla ɗaya sau ashirin, ba shi ne Yesu ya hana a Matiyu 6:7 ba? Shirun nan kuma ya yi yawa. Ibraniyawa 5:7 ta ce Ubangiji ya yi addu'a da kuka mai ƙarfi da hawaye. A Ayyukan Manzanni 4:24 masu bi sun ɗaga murya tare, aya ta 31 ta ce wurin ya girgiza. Shawarata ga ɗan'uwa ita ce kar ya tsaya shi kaɗai. Ya nemi mutum ɗaya ko biyu (Matiyu 18:20), su tsayar da rana ɗaya a mako, minti 30. A buɗe da waƙar yabo biyu, kowa ya kawo buƙata ɗaya, a yi addu'a bi da bi, kowa kar ya wuce minti biyu a zagaye. Abin da ke kashe irin wannan taro shi ne bayanin buƙata ya ci minti 25, har ya zama gulma, addu'ar ta samu biyar. Maganinsa, kar a yi bayani, a faɗi buƙatar kai tsaye cikin addu'a, sauran su ji a nan. Mai fama da barci kuma ya tashi tsaye, ya yi tafiya yana yi da murya.

Dattijon Zango ya sake amsawa:

Ɗana na Karkada, shawararka ta mutum biyu ko uku ta yi, na ɗaga mata hannu. Tsayuwa da murya ma maganin barci ne na gaske. Amma Matiyu 6:7 surutun banza ta hana, na mai zaton yawan magana ne zai sa a ji shi. A Gatsemani Yesu sau uku ya yi addu'a, yana maimaita magana ɗaya (Matiyu 26:44). Zabura 136 aya 26 gare ta, kowace da amshi ɗaya take ƙarewa. Ita kuwa Hannatu leɓunanta kawai ke motsi, ba a jin muryarta, har Eli ya zaci ta bugu (1 Sama'ila 1:13), kuma an amsa mata. Murya da shiru duk suna cikin Littafi. A majami'a ka ɗaga yadda kake so. A gidan haya da ƙarfe 5 na asuba, katanga ɗaya tsakaninka da mai jinya ko mai jariri, ka sassauta, haƙƙin maƙwabci ma ibada ce.

Saura tambayar ƙarshe, wadda kowa ya zagaye ta. Jin daɗi a rai ba ma'auni ba ne, yana bin barci da ƙoshi da lafiyar jiki, kiɗa mai daɗi ma yana kawo shi. Hanyar shiga gaban Allah a buɗe take saboda jinin Yesu (Ibraniyawa 10:19-22), ko ka ji ko ba ka ji ba, kuma ranar da ka rasa abin faɗa Ruhu yana roƙo dominka (Romawa 8:26). Abin da za ka iya aunawa shi ne 'ya'yan da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa, kuma ba a auna su kullum, kamar mai tone iri ya ga ko ya tsira. Bayan wata uku ka duba abu uku. In ka yi laifi, kwana nawa kake ɗauka kafin ka amsa shi, ya ragu? In an ɓata maka rai, bakinka yana ɗan jira? Akwai wanda kake yi wa addu'a yanzu da a da ba ka son jin sunansa? In kana son amsar da ba son kai a ciki, ka tambayi mutanen gidanku.

Ɗan Sabon Gari ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Mama, Malam da ɗan'uwa. Ƙarami ɗaya ya rage: ranar da mutum ya makara ko ya tsallake, sai ya rama washegari ya yi minti 30?

Katekis na Birni ya amsa:

A'a, ba a ramawa. In ka mayar da shi bashi, kwana uku za ka tsallake ka ga minti 60 a kanka, ka gudu. Ranar da ka makara, ka yi Addu'ar Ubangiji a tsaye kafin ka fita, da tsakar rana ka nemi inuwa ka karanta Zabura 117, aya biyu ce. Washegari ka koma tabarmarka da minti 15, a kan Zaburar da ke biye. In makarar ta kai sau uku a mako, ka riƙa kwanciya rabin awa kafin lokacin da ka saba, ka bar lokacin tashi yadda yake.